Ƙaho da ɗakin zufa a Finland: magani ne, ko al'ada ce kawai?

Aminu Kuopio: Assalamu alaikum jama'a. Yau maganar da na kawo ta su Malam Ɗanlami ce, 'yan gidan wanzanci. Mutanen Finland suna yin ƙaho. Ba wanda aka shigo musu da shi daga Makka ko Sin ba fa, nasu ne na gado: ƙahon saniya, a tsaga, a ja jini. Sunansa a wurinsu kuppaus. Inda muka bambanta, a nan tun asali sana'ar tsofaffin mata ce, su ne suke bin ƙauyuka da ƙullin ƙahonninsu. Kuma ba a zaure ko gindin bishiya ake yi ba, a cikin sauna ne.

Ga wanda bai sani ba, sauna ɗakin zufa ne na katako, da benci hawa biyu ko uku, da murhu cike da duwatsu. Ana hura shi har zafin ya kai digiri 80 zuwa 100, a hau benci a zauna, a riƙa ɗibar ruwa da ludayi ana watsa wa duwatsun, tururi ya tashi ya lulluɓe mutum. In gumi ya ishe ka sai ka fita ka sha iska ko ka faɗa tafki, ka dawo. Ƙasar ba ta wuce mutum miliyan 5 da rabi da ɗoriya ba, amma ana ƙiyasta sauna kusan miliyan 3. Akwai a majalisar dokokinsu, akwai a masana'antu, akwai a gidajen haya. A Disambar 2020 UNESCO, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ilimi da al'adu, ta saka al'adar cikin jerin abubuwan gado na duniya.

Tambayata ita ce, mutanen da suke da asibitoci irin waɗannan, me ya hana su watsar da kayan kakanninsu? Mu kuwa da zarar yaro ya yi boko sai ya fara jin kunyar a gan shi gaban wanzami.

Malam Ɗanlami Wanzam: Wa alaikumus salam. Ikon Allah! Mata kuma? To Aminu yi min bayani dalla-dalla. Da baki suke zuƙa? Da me suke tsagawa? A ina suke kafawa?

Aminu Kuopio: Baba Ɗanlami, a da da baki ne. Suna yanke tsinin ƙahon, su ɗaura wata siririyar fata a kai, in an zuƙe iska sai fatar ta manne ta toshe kafar da kanta. Yanzu mafi yawa kofunan gilashi ne ko na roba masu ɗan famfo a kai. Sai an fara shigar da mutum zafi tukuna, fata ta yi laushi, jini ya taso. A wanke shi, a ɗan yi masa tausa, ya kwanta rub da ciki a kan benci. Mai ƙahon ta bi baya da kafaɗu da ƙeya tana lalube da yatsa, inda ta ji tauri ta kafa. In wurin ya tasa ta cire, ta sassara da wani ɗan ƙarfe mai siffar ƙaramin gatari, ko kuma rezar asibiti a yanzu, ta mayar da ƙahon. Takan jera fiye da 20 a bayan mutum ɗaya. Tana cirewa tana zubar da gudajin tana ɗaurayewa da ruwan ɗumi, har jinin ya tsaya don kansa. Sai a ce kada ya yi aikin ƙarfi ranar, ya sha ruwa, ya kwanta.

Malam Ɗanlami Wanzam: Fiye da 20! Ai wannan sai ƙato. Amma lalube da yatsan nan, wallahi haka mahaifina yake yi, Allah ya jiƙansa. Hannu ne yake gani, ba ido ba.

Dakta Bashir: Allah ya jiƙan Baba. Aminu, akwai gyara a tambayarka. Ka sa ta kamar duk ƙasar ƙaho take yi. Sauna ta kowa ce, wannan gaskiya ne. Ƙaho kuwa 'yan tsiraru ne suke zuwa, kuma ba ya cikin abin da asibitin gwamnati yake bayarwa. Likitocin can da yawa suna saka shi a rukunin da suke kira magungunan imani, wato waɗanda amfaninsu bai tabbata da gwaji ba. Sannan batun "mataccen jini" da ake cewa ana fitarwa, a can ma haka tsofaffinsu suke faɗa, amma jinin da ke cikin ƙaho jini ne lafiyayye. Ya yi baƙi ne don ya daskare. Binciken da ake da shi ya fi nuna ɗan sauƙin ciwon baya da na wuya na ɗan lokaci, kuma yawancinsa ba mai ƙarfi ba ne.

Ustaz Nura: Likita a yi hattara da harshe. Hijama sunna ce tabbatacciya. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, an yi masa, ya kuma biya wanda ya yi masa. Yana cikin Bukhari.

Dakta Bashir: Allah ya gafarta Malam, ban taɓa sunna ba. Ni ma an yi min. Abin da nake ƙi shi ne mutum mai hawan jini ya ajiye ƙwayarsa don an ce ƙaho ya wanke masa jini, da kuma aska ɗaya a kan mutum goma. Ciwon hanta nau'in B da C da ƙanjamau ba sa tambayar niyyar mai aska.

Malam Ɗanlami Wanzam: Wannan kam ba musu. Ni yanzu kowa da sabuwar rezarsa, a gabansa nake ɓarewa. Amma likita, ku ma ku riƙa faɗin cewa akwai masu yi da tsafta, kada a yi mana kuɗin goro.

Issoufou Maraɗi: Ni duk wannan bai dame ni ba. Mutum ya biya kuɗi don ya yi gumi? Su zo Maraɗi a watan Afrilu su shiga ɗakin kwano da azahar, kyauta ne, har mu ba su shayi.

Zainab Tampere: Yaya Issoufou ka ba ni dariya. Ai ko can suka je sai sun gina. Sojojinsu na kiyaye zaman lafiya sun yi suna da haka, duk inda aka kai su, ko cikin hamada ne, sauna na cikin abin da suke fara kafawa. Abin ba zafin kaɗai ba ne, fitar ce. Minti goma ko sha biyar kana ciki, sai ka fito jikinka na hayaƙi ka tsaya a sanyi. A watan Janairu wasu har fasa ƙanƙarar tafki suke yi su tsunduma. Ni dai ban kai nan ba, kuma ba na shirin kaiwa.

Aminu Kuopio: To likita, ƙaho na bar maka. Amma sauna fa an gwada. A nan garin da nake, Kuopio, Farfesa Jari Laukkanen da abokan aikinsa na Jami'ar Gabashin Finland sun bi maza 2,315 masu shekara 42 zuwa 60 har kimanin shekara 20. Sun fitar da sakamakon a 2015. Waɗanda suke shiga sau 4 zuwa 7 a mako, haɗarin mutuwar fuju'a ta zuciya ya ragu musu da kashi 63 cikin 100 in an gwada da masu shiga sau ɗaya, mutuwa ta kowane dalili kuma da kashi 40. Wannan ba zancen tsofaffi ba ne.

Dakta Bashir: Na san aikin, kuma aiki ne mai kyau. Amma mu karanta shi yadda yake. Ba raba mutane aka yi gida biyu aka ce ku shiga, ku kuma kada ku shiga ba. Tambayarsu aka yi sau nawa suke shiga, aka zauna ana kallon abin da zai faru. Masu shiga kusan kullum ɗin nan mutum 201 ne kacal a cikinsu. Kuma wa yake iya shiga zafin digiri 80 kullum? Mai ƙarfin jiki, mai lokaci, mai sauna a gidansa. Wanda zuciyarsa ta fara gazawa da kansa zai rage. Masu binciken sun yi ƙoƙarin cire tasirin taba da ƙiba da sauransu a lissafi, amma ba a iya cirewa duka. Maza ne zalla, 'yan yanki ɗaya, waɗanda tun suna jarirai ake shiga da su.

Ba na cewa babu komai a ciki. Zafi yana buɗe hanyoyin jini na fata, bugun zuciya ya hau zuwa 120 ko fiye, kamar mai tafiya da sauri, bayan an fito awon jini yakan ɗan sauka. Mai yiwuwa ne maimaita hakan shekara da shekaru yana da amfani.

Amma ga abin da nake so ka duba, tunda kana zaune a wurin. A ƙarshen shekarun 1960, mazan gabashin Finland ɗin nan suna cikin waɗanda suka fi kowa mutuwa da ciwon zuciya a duk duniya. Masu saran katako, majiya ƙarfi, suna faɗuwa suna da shekara arba'in da 'yan kai. Duk suna shiga sauna kowace Asabar. Ba ta cece su ba. Abin da ya sauya lamarin shi ne shirin Karelia ta Arewa, wani yanki na gabashin ƙasar, da aka fara a 1972 ƙarƙashin wani matashin likita, Pekka Puska. Aka bi gida gida, da ƙungiyoyin mata, da shaguna, da masu yin tsiran nama, a rage man shanu, a rage gishiri, a bar taba, a ci ganye da 'ya'yan itatuwa, a auna jini. Cikin shekaru kusan 40 mutuwar zuciya tsakanin maza masu shekarun aiki ta faɗi da fiye da kashi 80. Sauna tana nan kafin, tana nan bayan. Abin da ke cikin kwano ne ya canza.

Aminu Kuopio: Wannan hujja ce mai nauyi, likita. Sai dai ba ta ce sauna ba ta da amfani ba, ta ce ba ta isa ita kaɗai ba.

Dakta Bashir: A nan mun haɗu.

Hajiya Rabi Zariya: Sannunku da muhawara 'ya'yana. Ni abin da na ji shi ne wai a cikin ɗakin nan matansu suke haihuwa. Zainab, gaskiya ne? A cikin wannan zafin? Shekarun da na yi ina karɓar haihuwa ban taɓa jin irin wannan ba.

Zainab Tampere: Gaskiya ne Mama, amma a da. Kuma ba a hura shi da zafin wanka, ɗumi kawai ake so. Ki duba yadda gidan manomi yake a lokacin: ɗaki ɗaya babba, kowa a ciki, wani lokacin har da dabbobi in sanyi ya tsananta. Sauna ita ce wuri ɗaya da yake da ruwan zafi, da sirri, da tsafta. Irin ta dā ba ta da bututun hayaƙi, ana hura wuta awanni, hayaƙin ya cika ɗakin ya fita ta ƙofa da wata 'yar kafa, sai wutar ta mutu a shiga. Bangon baƙi ƙirin, amma zafi da hayaƙi sun gasa komai. Mai jego takan zauna a can kwanaki ita da jariri kafin ta koma cikin gida. A nan ake wankan gawa, a nan ake yi wa amarya wanka kafin a kai ta, a nan ake busar da nama. Urho Kekkonen, wanda ya mulke su daga 1956 har shekara 25, a irin wannan ɗakin aka haife shi a 1900.

Yanzu babu mai yi. Daga 1938 gwamnati ta fara ba mata marasa hali akwatin kayan jariri, a 1949 aka mayar da shi na kowa, da sharaɗin sai mace ta je awo tun cikin yana ƙarami. Kafin ƙarshen shekarun 1960 kusan duk haihuwa ta koma asibiti. Wata tsohuwa maƙwabciyata ta ce min ita a sauna aka haife ta, 'ya'yanta duka a asibiti, kuma ba ta ga abin kewa a ciki ba.

Hajiya Rabi Zariya: To kin ga inda nake so a zo. Mu ma muna da namu, wankan jego. Ruwa ya tafasa a garwa, a tsoma ganye a riƙa fyaɗa wa mace safe da yamma har kwana 40, ta kwanta a gadon ƙasa da wuta a ƙarƙashi, a ɗura mata kunun kanwa. Niyyar kirki ce, a kori sanyi, a kawo nono. Amma a nan Zariya na ga mata da yawa sun dawo bayan suna ƙafa a kumbure, numfashi da ƙyar. Tun shekarun 1970 likitoci biyu, Davidson da Parry, suka rubuta a kan yawan gazawar zuciya ga masu jego a nan, suka ɗora zargin a kan zafin da kanwar. Su Finland ba wanda ya ce musu sauna banza ce. Cire haihuwa kawai aka yi daga ciki, aka bar musu wankansu.

Dakta Bashir: Mama ta faɗi magana. Ƙarin bayani kaɗan: binciken da aka yi daga baya a Kano, na Farfesa Kamilu Karaye da abokansa, ya nuna lamarin ya fi haka faɗi. Akwai talauci, da rashin abinci mai gina jiki, da ƙarancin wani sinadari a jiki mai suna seleniyam. Ba a wanke kanwa ga mai hawan jini ba, amma ba ita kaɗai ba ce. Abin sha'awa, ƙasar noman Finland ma tana da ƙarancin wannan sinadarin, shi ya sa tun 1984 suke zuba shi a cikin takin zamani don ya shiga hatsi da madara.

Hajiya Rabi Zariya: Allah ya yi maka albarka. Ban san wannan na takin ba.

Zainab Tampere: Mama, fyaɗa ganyen ma suna yi. Suna ɗaure rassan wata bishiya mai farin ɓawo, koivu, da ɗanyen ganyensu, su jiƙa a ruwan ɗumi su riƙa bugun baya da cinyoyi. Ba zafi, ƙamshi ne ma yake tashi. Ana yanka a tsakiyar bazararsu, wasu su busar, wasu su saka a firiza saboda Kirsimeti. Har a kanti ana sayar da daskararre.

Ustaz Nura: Duk na ji. Amma akwai abin da kuke ta kewayewa. An ce tsirara suke shiga. Musulmin da ke can yaya yake yi da al'aurarsa? Aminu, Zainab, ku ba mu amsa tsakani da Allah.

Zainab Tampere: Malam, tambaya ce mai kyau. Gaskiya ne a tsakaninsu maza da maza, mata da mata, ba sa saka komai, kuma ba sa ɗaukarsa abin kunya ko na batsa. Suna da karin magana cewa a sauna ana zama ne kamar a coci: ba hayaniya, ba zagi, ba faɗa. Amma ba dole ba ne. A gidan hayarmu akwai sauna ɗaya a ƙasa, kowane gida yana da awarsa a mako, an rubuta a allo. In lokacinmu ya yi mu kulle ƙofa, daga ni sai yarana mata, ko maigida shi kaɗai. A sauna ta kasuwa, tsofaffin irin Rajaportti da ke nan Tampere tun 1906, ɓangaren maza daban na mata daban. Sababbin da ake cakuɗuwa kuwa da kayan ninƙaya ake shiga, waɗannan ni ba na zuwa.

Aminu Kuopio: Ni da tawul nake shiga, daga cibiya zuwa gwiwa, ba wanda ya taɓa ce min don me. Matsalar ita ce idonka, don na kusa da kai bai rufe ba. Shi ya sa na fi son ta gida.

Ustaz Nura: To ka ga ka faɗa da bakinka. Rufe naka rabi ne, kallon na wani ma haramun ne. Malamai sun yi wannan maganar tun a kan gidajen wanka na Sham da Misra. Ta gida ba ni da ja.

Issoufou Maraɗi: Malam ya halatta ta gida. Saura kuɗin wuta.

Zainab Tampere: Ba wasa ba ne Yaya. Murhun lantarki na ƙaramar sauna yana jan kilowat 6 zuwa 9. A sanyin 2022, da wuta ta yi tsada bayan an fara yaƙin Yukren, har roƙon mutane aka yi su rage hurawa. Kuma wannan murhun ne ya kusa kashe sauna ta unguwa. Helsinki ta taɓa samun sauna ta kasuwa fiye da 100, da aka fara saka wa kowane gida tasa sai suka yi ta rufewa har suka rage 'yan ƙalilan, irin Kotiharju ta 1928. A 'yan shekarun nan ne matasa da 'yan yawon buɗe ido suka dawo da su.

Malam Ɗanlami Wanzam: Aminu, ɗori fa? Mutanen da suka san ƙaho ba za su rasa maɗori ba.

Aminu Kuopio: Suna da shi Baba, ya fi ƙarfi a yammacin ƙasar, yankin Pohjanmaa. Gado ne a wasu gidaje. A garin Kaustinen har cibiyar maganin gargajiya aka buɗe, tsofaffin masu hannu suka riƙa koyar da matasa. Mutum yana zaune a kan kujera mara jingina, mai gyaran yana bayansa, ya shafa mai, ya bi ƙashin baya da manyan yatsunsa tun daga ƙugu har wuya, yana sa shi ya sunkuya ya miƙe a hankali. Wani likita, Heikki Hemmilä, ya gwada su a kan masu daɗaɗɗen ciwon baya, ya raba marasa lafiya tsakanin masu ɗori da masu gashin ƙashi na asibiti da motsa jiki, ya buga sakamakon a 1997. Masu ɗorin ba su ji kunya ba.

Dakta Bashir: Amma faɗi ɗaya ɓangaren. Karaya fa?

Aminu Kuopio: Karaya asibiti. Ba mai taɓawa. Nasu ya tsaya a ciwon baya, wuya, kafaɗa, gwiwa.

Dakta Bashir: To wannan ita ce maganar gaba ɗaya a wurina. Na sha karɓar yaro an ɗaure masa hannu da karare tamau, kwana biyar, yatsu sun yi baƙi, sai yankewa. Da maɗorin ya san inda iyakarsa take, da yaron yana da hannunsa.

Malam Ɗanlami Wanzam: Likita, uban yaron nan fa ba don ƙin asibiti ya je wurin maɗori ba. An ce masa ya kawo kuɗin hoto, ya kawo kuɗin ƙarfe, ya sayi komai har safar hannu. Maɗori kuwa ya ce a kawo abin da ya sawwaƙa. A Finland in yaro ya karye nawa ubansa yake biya? Ku ba mu irin asibitinsu ku gani in wani zai kai karaya wurin mai karare.

Dakta Bashir: Ba ni da amsar da ta fi taka, Baba. Gaskiya ka faɗa.

Ustaz Nura: Akwai surkulle a cikin nasu?

Aminu Kuopio: A da akwai sosai, Malam. Suna da masu magani da ake kira tietäjä, masu tofi da dogayen waƙoƙi. Imaninsu shi ne in ka san asalin abu ka fi ƙarfinsa, don haka in ƙarfe ya sare mutum sai a rera waƙar yadda aka halicci ƙarfe don jini ya tsaya. Yawanci a sauna ake yi, da dare. Har wani ɗan aljani suke cewa yana zaune a bayan murhu, a bar masa tururin ƙarshe. Yanzu wannan ya zama tatsuniyar yara da 'yar tsana a kanti. Abin da ya burge ni shi ne wanda ya tattara waɗannan waƙoƙin likita ne na gwamnati, Elias Lönnrot, da aka tura garin Kajaani a shekarun 1830. Yana yawon rigakafin agana da duba marasa lafiya, yana rubuta abin da tsofaffi suke rerawa. Daga nan Kalevala, babban littafin waƙoƙin gargajiyarsu, ta fito a 1835. Shi ne kuma ya rubuta wa manoma littafin kula da lafiya a gida da harshensu. Bai yarda waƙa tana tsayar da jini ba, amma bai bar ta ta ɓace ba.

Hajiya Rabi Zariya: Mu kuwa kullum tsofaffi suna tafiya da abin da suka sani. Kakata ta san ganye fiye da hamsin, ni ko goma ban riƙe ba.

Zainab Tampere: Akwai ma wanda ya tsallaka daga gargajiya ya shiga kantin magani. Mutanen Lapland, can arewacin ƙasar, suna dafa ƙaron wata bishiya da man shanu su shafa a gyambo. Wani likita, Arno Sipponen, ya ga ana yi, aka gwada a kan gyambon kwanciya na tsofaffi, aka ga yana aiki. Yanzu man shafawa ne a bututu mai suna Abilar.

Issoufou Maraɗi: An ce suna da karin magana da giya a ciki. Ustaz ya toshe kunne.

Aminu Kuopio: Suna cewa in giya da kwaltar itace da sauna ba su yi magani ba, to ciwon na ajali ne. Amma giyar ce take kashe su a ciki. Binciken gawarwaki a can ya nuna kusan rabin waɗanda suka mutu a sauna a buge suke: mutum ya yi barci a benci, ko ya faɗa kan murhu. Sai kuma ganganci. A garin Heinola an riƙa yin gasar duniya ta wanda zai fi daɗewa a ciki tun 1999. A wasan ƙarshe na 2010, zafi digiri 110, ana zuba rabin litar ruwa kowane daƙiƙa 30, cikin minti shida ɗan Rasha ya mutu, ɗan Finland ɗin ya yi makonni bai san inda yake ba saboda ƙuna. Daga ranar aka soke gasar.

Dakta Bashir: Kuma kada a ɗauka komai nasu a tsare yake. An daɗe ana jayayya a can kan rashin cikakkiyar dokar da ta fayyace wa zai yi maganin gargajiya da wanda ba za a yi wa ba, alhali Suwidin da Norwe suna da irin tasu. Ƙungiyar likitoci tana so a hana taɓa yara ƙanana da masu ciki da masu ciwon daji, masu gargajiyar suna tsoron a rufe musu sana'a. Rigimar da muke yi a nan ce, su ma ba su gama ta ba.

Maman Khalifa: Salamu alaikum, ku yi haƙuri na shigo a makare. Ɗana ya samu gurbin karatu a garin Oulu na Finland, kuma sikila ne. Tun ɗazu nake karantawa gabana yana faɗuwa. Likita, zai iya shiga wannan abin?

Dakta Bashir: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sanya albarka a karatun. Shawarata kada ya shiga. Zama ɗaya yana iya fitar da rabin litar gumi ko fiye, kuma bushewar jiki na cikin manyan abubuwan da ke tayar da ciwon sikila. Fita daga zafi zuwa sanyi kwatsam ya fi haɗari, tsunduma a ruwan ƙanƙara kuwa ko da wasa. Ƙaho ma ba nasa ba ne, jininsa bai kai a rage ba. Ya tafi da takardun asibitinsa da Turanci, ya nemi likitan jini da zarar ya sauka, don cutar ba ta da yawa a can, ba kowane likitan unguwa ne ya saba da ita ba. Oulu arewa ce sosai, a saya masa kayan sanyi na gaske tun kafin Oktoba.

Maman Khalifa: Na gode likita. To in abokan karatu suka gayyace shi fa? Kada su ga kamar ya raina su.

Zainab Tampere: Kada ki damu Anti. Ya ce musu likita ya hana, ba za su ƙara tambaya ba, ba su da naci. Zai iya binsu ya zauna a baranda, a can ake hirar ma, ana gasa tsiran nama ana shan lemo. Ya dai tambayi na mene ne kafin ya ci, yawanci na alade ne. Ki turo min lambarsa ta akwatin sirri in haɗa shi da 'yan uwa da ke Oulu.